Kallon da Na Riƙa Yi wa Yaya

Ni da yayana ba mu taɓa son fim iri ɗaya ba. Shekara da shekaru muna ɗinki a rumfa guda a kasuwar Rogo, kekensa a bakin ƙofa, nawa daga ciki, kuma yawancin gardamar da muka yi a kan fim ce, abin da bai taɓa ƙara mana ko allura ba.

Da majigi muka fara, wanda motar gwamnati ke kawowa filin makaranta bayan girbi. A kafa farin ƙyalle, mai bayani ya ɗauki lasifika yana koya mana zuba taki a gonar gyaɗa. Ni ina sonsa, don abin da na sani nake gani. Yaya kuwa cewa yake wanda ya yini a gona ba ya bukatar a sake nuna masa gona.

Shi na Indiya ne nasa. Duk ƙarshen wata shi ke shiga Kano saro yadi da zare, ya kwana biyu, ya shiga silima. In ya dawo sai mu yi mako muna jin labari, ƙafarsa na kan keke, bakinsa na aiki. Idan ya zo wurin tausayi sai ya tsayar da keken. Ba labarin kaɗai yake dawowa da shi ba, har yankan wuyan rigar jarumin yake haddacewa, da salla ka ga samarin ƙauyukan Fulatan da Gwangwan sanye da shi.

Ni ma na bi shi sau uku ko huɗu, na ga na kaboyi, daga baya na ga na 'yan Cana. Su suka kwanta min, don ba su da dogon surutu, a yi abin da za a yi a tashi. Na Indiya kuwa a yi kuka, a yi waƙa, a koma kukan. Yaya ya ce kaboyi mutane ne marasa dangi, mutum ya shigo gari ba sallama, ba a san uwarsa ba. 'Yan Cana kuma, in ji shi, zakaru ne, da sun haɗa ido sai faɗa.

A shekarar da aka yi fari aiki ya ɗauke, don wanda ba shi da hatsi ba ya tunanin sabuwar riga. A shekarar ne kuma yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. Da farko ni ke zura masa zare a allura. Ranar da ya ɗinke aljihun wata riga a baibai, ya daɗe yana shafa ɗinkin da yatsa, sannan ya ce daga wannan wata ni zan riƙa zuwa Kano.

Da zan tafi ya riƙe hannuna. "In ka gama saro, ka shiga ka kalli na Indiya. Ka kalla min da kyau."

Motar ta lalace mana bayan mun wuce Karaye, muka yini a gindin bishiya. Washegari na yi ta yawon kasuwa da ƙunshin yadi a ka. Ko da na zauna a bencin silimar, ƙafafuna sun kumbura. Na ga farkon fim ɗin, wata tsohuwa tana dafa abinci, wani saurayi ya shigo da akwati. Ban sake sanin inda nake ba sai da mutane suka fara tsallake ni suna fita.

A hanyar dawowa na haɗa labari. Na ɗauko nan, na ɗauko can, duk daga waɗanda ya taɓa ba ni. Da na zauna a rumfa na zuba masa, yana saurare, kansa a sunkuye. Na kai ƙarshe bai katse ni ba.

"Ƙanena," ya ce, "wannan ai nawa ne ka dawo min da shi. Barci ka yi ko?"

Na ce barci na yi. Bai yi faɗa ba. Ya ce wata mai zuwa in sayi goro kafin in shiga.

Haka na yi ta yi kusan shekara uku. In tauna goro har haƙora su yi tsami, in zura ido ina haddace wanda ya mutu da wanda ya yi aure da irin rigar da kowa ya sa. Mutane kan ce yau da gobe tana sa a so abu. Ni ba ta sa ni ba. Kuma ban iya ba da labari ba, a taƙaice nake bayarwa, kamar mai isar da saƙo. Sai ya yi ta tambaya, me uwar ta ce, da wane ido ta kalle shi, ni kuwa ban lura ba. In na ce fim ɗin ya cika tsawo, ya ce ni ne ba ni da haƙuri. Gardamar ma ta daina yi mana daɗi, don shi bai gani ba, ni kuma ban damu ba.

Wata rana ina ɗaure kayan tafiya ya ce in bari haka nan, in na gama saro in nemi wuri in kwanta. Na ji sanyi a raina, kuma na ji kunyar wannan sanyin. A tafiyar na shiga na 'yan Cana, na farko cikin shekara uku. Ana tsakiyar faɗa na ji bayana yana ciwo, na tashi na fita.

Yaya bai daina zuwa rumfa ba. Ya koma ɗaura maɓalli da laluben hannu, yana hira da masu jiran kaya, har shekarar da ƙafa ma ta ƙi. Kekensa ɗansa ya ɗauka ya tafi da shi Karaye.