Garmata a Dajin Saliyo

Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare a Kaura Namoda, kuma ɗan manomi daga Zurmi. Shi ya sa da na ga sanarwa ana neman 'yan sa-kai da za su je Saliyo su taimaka wajen farfaɗo da wani babban gandun daji na ƙasa, ban tsaya tambayar kaina ko zan iya ba. Damuwata ita ce ko wata biyu zai ishe ni in sauke musu duk ilimin da ke kaina. Haka nake a lokacin, kuma matata ta ce har yanzu da saura.

Aka ɗauke ni, tafiyar ta faɗo daidai dogon hutu. Kafin in tashi sai da na hau mashin har kasuwar Shinkafi na sayi sabuwar garma a wurin maƙeri, na cire ƙotar, na naɗe ƙarfen a tsohon zane na cusa a ƙasan akwati. A filin jirgi ma'aikacin da ya buɗe akwatin ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya tambaye ni ko an ce mini babu ƙarfe a ƙasar da za ni. Na ce masa akwai, amma ba irin wannan ba.

Ranar da na fara shiga dajin na ɗaga kai ina neman ƙarshen wata bishiya har hulata ta faɗi. Kukar bayan gidanmu da muke kai baƙi su gani, a can ko kallo ba za ta samu ba. Rana tsaka amma ƙasa da duhu-duhu, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, birai suna ta tsalle a sama suna zubo mana ɓawon abin da suke ci. Sai kuma ruwa. Mu da muke fita roƙonsa idan ya yi jinkirin sati biyu, ga shi nan yana zuba safe da yamma ba wanda ya ko ɗaga kai. Kwana ukun farko da an fara sai in fita in tsaya a ciki ina dariya, masu gadin dajin suna leƙo ni daga rumfa suna girgiza kai. Daɗi nake ji har cikin raina. Na saba da shinkafa da miyar ganyen rogo, na saba da alwala a rafi mai sanyi, na kuma samu abokan jam'i a cikin masu gadin.

An haɗa ni da wata tsohuwa mai kula da wurin renon dashe. Gajera ce, ta haura sittin, kullum da takalmin roba da adda a hannu, kowa Mama yake ce mata. Turancin burokarsu da namu 'yan uwa ne, don haka muna fahimtar juna in ba a yi sauri ba. A cikin dubban dashen da ke hannunta akwai guda sittin da ta ware a gefe, ba ta barin kowa ya taɓa. Na wata bishiya ne da masu yankan katako suka kusa ƙararwa. Iyayen bishiyar da suka rage ba su da yawa, suna can tsakiyar daji, kuma sai an yi shekaru kafin su yi 'ya'ya. Da ƙafarta ta je ta tsinto irin, ta rene su a leda shekara biyu, yanzu lokacin dasa su ya yi a wani fili da aka taɓa sarewa a bakin dajin.

Ni ta ba aikin, don na gaya mata sau uku cewa abin da nake koyarwa ke nan. Muka dasa su tare cikin kwana biyu. Ta nuna mini a tara wa kowanne ƙasa ya hau ɗan tudu, a bar busasshen ganyen da ke wurin yadda yake. Na ce to, amma a raina ban yarda ba. Washegari aka aiko 'yarta ta haihu a gari, ta ce za ta yi sati guda, ta bar mini amanarsu.

Tana tafiya na je na tsaya a kan filin ina kallo. Wa ke dasa itace a kan tudu ya bar ruwa ya gangare ya tafi? A wurinmu abu na farko da ake koya wa yaro shi ne gurbi: ka zagaye gindin dashe da ɗan kwari, duk ɗigon da ya sauka ya tsaya masa. Na taɓa shan dukan mahaifina a kan mangwaron da na dasa ban yi masa gurbi ba. Ga kuma ganye zube ko'ina kamar gonar da mai ita ya mutu. Sai tausayin Mama ya kama ni, na ce baiwar Allah ba ta samu wanda zai nuna mata ba. Na sa aka sassaƙa wa garmata ƙota, na duƙa kwana biyu. Na baje tudun nan, na yi wa kowanne gurbi mai faɗi, na share filin tas. Har hoto na ɗauka na tura wa malaman makarantarmu, suna ta sa mini albarka.

Daga nan aka yi kwana uku ana ruwa ba tsayawa. Ƙasar wurin laka ce, ba rairayin da na sani ba ne mai shanye ruwa kafin ka juya. Kowane gurbi ya zama ɗan tafki, dashen na tsaye a tsakiya, kwaɗi har sun samu gida. A rana ta uku ganyen ya fara yin rawaya, ina taɓa wani sai ya faɗo a hannuna.

Mama ta dawo da ƙunshin goron suna, fuskarta cike da fara'a, ta ce mu je filin ta ga 'ya'yanta. Da muka isa ta durƙusa a bakin wani gurbi. Ta sa hannu a ruwan ta tuge ɗaya da ya riga ya sunkuya, ta shinshina saiwar, ta miƙo mini. Ta yi baƙi, tana wari. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Ɗana, shekara biyu nake goyonsu," ta ce. Ta ɗauki addarta ta tafi.

Ranar ban iya cin abinci ba. Da la'asar na hau tsaunin da ake samun sabis na kira mahaifina, ina so ko mutum ɗaya ya ce abin da na yi daidai ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya har da tari.

"Kai karatun ga naka mi yaƙ ƙare ka da shi? In munka tahi fadama, gurbi muka yi ma dankali ko tudu?"

Na ce tudu, Baba.

"To ƙasag ga da kake duk fadama ta. Tahi ka fasa bakin kowane gurbi, ka ja ma ruwan hanya zuwa gangare, ka tada ƙasa har wuyansu. Kuma ka ba matan nan haƙuri, ta hi ka sanin gonatta."

Ban jira gari ya waye ba, da sauran hasken rana na fara. Kwana uku na yi a cikin ruwa ina fasa abin da na gina. A rana ta biyu masu gadi huɗu suka zo taya ni, suna tsokanata wai tun da na zo suka san ruwa nake so, ashe har tara shi nake yi in tafi da shi gida. Suka karɓi garmar suna gwadawa, suka ga yadda take tada ƙasa a sara ɗaya, sai ga su suna layi a kanta. Muka yi ta dariya cikin taɓo har gwiwa. Ganyen da na share na tara a gefe, da hannuna na kwaso shi kwando-kwando na mayar. Mama ta zo a rana ta uku, na durƙusa na ba ta haƙuri, ta gyaɗa kai kawai ta shiga gyara tudun da ba su yi mata ba.

Tara sun riga sun mutu. Sauran suka tsaya cik, ba su mutu ba, ba su motsa ba, kowanne da 'yan ganyensa biyu ko uku. Kullum in na idar da sallar asuba sai in je in duba su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi Mama ko za su rayu, ta ce saiwa ba ta ba da labari da wuri. Haka na yi sati uku, ina aikin da aka sa ni, ina cin abinci ina hira, amma rabin hankalina yana filin nan.

Saura kwana huɗu in tafi, na je da safe na tarar da abin da nake tsoro. A saman kowanne ga wasu 'yan ganye jajaye, sun yi laushi suna reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. A gonarmu in ganyen dawa ya yi ja ya langaɓe, an gama magana. Na ce ruɓar ta hau har sama. Na daɗe a tsaye, sannan na ja ƙafa zuwa wurin renon dashe, na cire takalmi, na durƙusa a gaban Mama na ce mata sauran ma sun tafi, ta yafe mini.

Ta wuce gaba ta nufi filin, ina binta. Da muka isa ta sunkuya a kan na farko, ta tallafi jan ganyen da yatsa ɗaya. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ta yi ta yi har ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Malamin gona," ta ce tana share ido da bakin zane, "sabon ganye ne. Haka ake haifarsu a nan, jajaye, ba ƙashi. Nan da sati za su yi kore. Sun kama ƙasa."

Ni ma sai na zauna a taɓon. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan safiya ba, kuma ban ji kunyar ta ga hawayena ba. Da na samu kaina ta ce in tashi in ƙirga mata su. Na bi su layi-layi ina ƙirgawa da ƙarfi, tana biye da ni tana gyara mini lissafi, don idona ya cika ina tsallake wasu. Hamsin da ɗaya, kuma ba wanda babu jan ganye a kansa.