Tsohon da ya karanta sawun taya a Sérou

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina sayar da kayan mota a bakin Gare, wato tashar mota ta Parakou, na ga abubuwa iri-iri, amma akwai wata Asabar da na yi a jar hanyar Sérou wadda har na koma ga Allah ba za ta fita a raina ba.

Ni dillalin lam ne, wato ƙarafan nan dogaye da ake jerawa a ƙarƙashin mota ta baya don su ɗauki nauyi, waɗanda 'yan Najeriya ke kira sifirin. Da su na fara, da su na gina shago. Masu ɗaukar doya da auduga su ne mutanena, kuma buƙatarsu ɗaya ce kullum, a ƙara lam. A wurinmu mota mai ƙarfi ita ce wadda bayanta ya ɗaga sama, ka hau ka yi tsalle ba ta motsa ba.

A shekarar nan wasu matasan direbobi na Djougou suka shirya tsere a wata hanyar marmara da ke zagaye gonakin kaju kusa da Sérou. Ƙanena, autanmu, wanda tun tasowarsa ba ya jin magana in ya ga sitiyari, ya dage sai ya shiga. Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da ta gama aikinta, na ce ya ɗauka. Da mahaifiyarmu ta ji, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce tunda ni na ba shi mota, ni zan maido mata shi da ƙafafunsa biyu.

Sai na yi abin da na iya. Na sa aka gyara inji, aka sauke duk wani tarkace, sannan na zaɓo lam sababbi mafi kauri a shagona, na ƙara bibbiyu a kowane gefe. A ganina na yi wa ɗan'uwana gata.

Ranar Asabar da hantsi muka je gwaji, tseren kuwa washegari ne. Akwai wata kwana da ke karyawa hagu a gangare, a damanta ga wani rami mai zurfi inda aka taɓa haƙar marmara. Na tsaya a nan. Da ƙanena ya shigo, sai na ga bayan motar yana tsalle kamar ɗan akuya, ya watso gefe, tayar baya ta goge bakin ramin. Ya sake zagayowa, haka aka sake yi. Ya fito yana dariya. Ya ce, "Yaya, gaba na bina, baya kuwa ra'ayinsa daban."

Ni kuwa har na fara tunanin ko lam ɗin ne ba su isa ba. Yau in na tuna haka sai jikina ya yi sanyi.

A gindin wata bishiyar kaju akwai wani tsoho zaune da sanda, yana kallonmu tun da muka zo. Wani direba ya raɗa mini cewa mutumin Partago ne, ya yi shekara da shekaru yana jan mota tsakanin kasuwannin ƙauye kafin idonsa ya yi rauni. Ya taso a hankali, muka gaisa. Bai ko kalli motar ba. Ya ce in biyo shi, muka shiga tsakiyar hanya.

An yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi laushi. Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan sawun taya, yana bi yana shafawa kamar mafarauci. Ya nuna mini sawun gaba, a miƙe, ba yankewa. Sannan ya nuna na baya: taki biyu akwai, taki ɗaya babu, sai kuma ya sake fitowa can gefe. Ya ce duk inda na ga babu sawu, a nan motar a sama take, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin umarnin kowa. Ya ɗago ya tambaye ni buhu nawa yaron zai ɗauka gobe.

Na ce, "Baba, ai tsere ne, ba kaya."

Ya ce, "To, Patron, me ya sa ka yi mata shirin buhu talatin?"

Direbobin suka kwashe da dariya. Na ji kunya, amma ni ɗan kasuwa ne, in na ga wanda ya fi ni sanin kaya ba na jayayya. Na ce, "Ku faɗi yadda za a yi."

Muka ɗaga motar. Ni da kaina na kwanta a ƙasa da babbar rigata ina kwance ƙusoshi. Ya sa aka cire waɗanda na ƙara, ya ce a ƙara cire ɗaya daga nata na asali a kowane gefe. Kowane ƙarfe sai ya karɓa, ya jingina shi da gwiwa ya danna, ya ajiye wannan nan, wancan can. Da aka sauke ta, ya dafa bayanta da hannu biyu ya danna ya saki. Ta yi lilo har sau uku. Ya ce amortisa, wato abubuwan da ke tsayar da lilon mota, sun mutu, lam masu tauri ne suka ɓoye laifinsu. Na aika Djougou aka kawo wasu. Ya sake dannawa, ta sauka, ta taso sau ɗaya, ta tsaya. Ya rage wa tayoyin baya iska, yana latsawa da babban yatsa har ya gamsu.

Ƙanena ya zagaya. Tsohon bai kalli motar ba, sai da ta wuce ya je ya shafa sawu. Ya ce yanzu ta daina tsalle, amma tana zama da yawa a dama. Yawancin kwanonin hanyar hagu suke yi, nauyi kuwa waje yake gudu. Ya ɗauko gajeren lam guda ɗaya ya ce a mayar da shi a dama kaɗai. A nan na kasa haƙuri, na ce tunda nake ban taɓa sayar wa mutum lam huɗu a gefe ɗaya, biyar a ɗayan ba. Ya ce ai hanyar ma ba daidai aka yi ta ba.

Muka yi azahar a nan bakin gona, muka ci gaba. Sau biyar ana zagaye, sau biyar yana durƙusawa. Da la'asar ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce shi ke nan. Na so in sallame shi, ya ƙi. Ya ce in dai zan iya, in kai shi gida, ƙafarsa ta gaji.

Washegari na koma bakin ramin nan na tsaya. Motoci biyu suka wuce suna watsa baya, masu su na kokawa da sitiyari. Sai ga tamu. Ta shigo da gudun da ya fi na jiya, ta ɗan duƙa a dama, ta bi kwanar kamar jirgin ƙasa a kan dogo, ta fice. Babu tsalle, babu ƙara. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ina ta maimaita Allahu Akbar. Ƙarfe ɗaya, inji ɗaya, direba ɗaya, amma kamar an sauya mota.

Ƙanena ya zo na uku a tseren. Bai ji daɗi ba, ni kuwa ko a jikina. Da jama'a suka watse na shiga kwanar ni kaɗai, na durƙusa na nemi sawun tayarmu. Ga shi nan, zare ɗaya daga farko har ƙarshe. Da yamma na shiga da auta gida, mahaifiyarmu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a kawo mana ruwa.

Lam biyar ɗin da muka cire suna nan rataye a shagona, an sha tayawa na hana. Na yi shekaru ina sayar da ƙarfi a matsayin maganin komai, sai da na kusa jefa ɗan'uwana rami da shi kafin na gane cewa abin da ya dace da aiki shi ne mai kyau, ba wanda ya fi tauri ba. Yanzu duk wanda ya shigo ya ce a ƙara masa lam, kafin in taɓa kaya sai na tambaye shi me motar za ta ɗauka, kuma wace hanya za ta bi.