Si Mfaddal Bakkali da Kujerar da Ya Gadar wa Ɗansa

Haihuwa da karatu

An haifi Si Mfaddal Bakkali a garin Asila da ke bakin teku a arewacin Afirka, kusa da birnin Tanja, a shekara ta 1944 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1363 Hijiriyya. Mahaifinsa, Ayyashi Bakkali, maɗinkin jallabiya ne, mahaifiyarsa kuwa, Rhimu, tana saƙa malafa tana kaiwa kasuwar Alhamis. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha biyu, sa'an nan aka kai shi makarantar koyon sana'a a Tanja, inda ya karanci aikin lantarki daga 1959 zuwa 1963.

Aiki a tashar Amurkawa

A shekara ta 1965 aka ɗauke shi aiki a wata tashar rediyo ta gajeren zango da Amurkawa suka kafa a bakin teku, mai dogayen turakun ƙarfe waɗanda ake hangowa tun daga hanyar jirgin ƙasa. Daga ƙasarsu ake aiko da shirye-shirye, injinan tashar kuma su cilla su zuwa gabashin Turai da Afirka cikin harsuna daban-daban. A wancan zamani wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da duniya, kuma Si Mfaddal ya yi imani da cewa muryar tana bi ta hannunsa ne. Da hannu ake daidaita injinan, shi kuwa ya ƙware har ya kai da ya dubi launin wutar da ke cikin manyan kwalaben gilashin injin, ya san wadda za ta mutu a makon.

Akwai wata al'ada a tashar wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba. Duk ma'aikacin da ya kusa ritaya, shugaban tashar zai tambaye shi wa ya tanadar musu, shi kuma ya gabatar da ɗansa ya gaji kujerarsa. Wannan kujera ita ce burin rayuwar Si Mfaddal, kuma ita ce ta cinye gidansa.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Lalla Zhor a shekara ta 1970, Allah ya albarkace su da 'ya'ya mata uku da namiji guda, Nawfal, wanda aka haifa a 1980.

A 1993, lokacin da faifan satalayit ya fara cika rufin gidaje, ƙanin matarsa, Ahmidu, ya nemi su haɗa hannu su buɗe shagon sayar da shi. Ya ce, "Yaya Mfaddal, ɗaga kai ka dubi rufin mutane mana. Wa ke manna kunne a rediyo yanzu, yana jin ƙara kamar ana soya kifi?"

Si Mfaddal ya yi dariya har ya dire kofin shayinsa. Ya ce, "Kai Ahmidu, wannan faifan naka ko kuskus ba zai turara ba. Amurkawan da suka kayar da Tarayyar Sobiyet da baki kawai, su ne za ka kayar da murfin tukunya?" Ahmidu ya buɗe shagonsa shi kaɗai.

Shekarar kuskure

A 1999 Nawfal ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, ya kuma sami gurbin karatun kwamfuta a Rabat. Mahaifinsa ya ce atafau. Lalla Zhor ta roƙe shi, ta ce, "Si Mfaddal, ka ji tsoron Allah, ka bar yaron nan ya tafi. Duniya ta juya." Ya amsa mata da cewa, "Duniya ta juya, Amurka ba ta juyawa. Ya je ya zama akawu mai latsa madanni alhali na tanadar masa kujera?" Nawfal ya ce, "To, Baba."

Shekara bakwai Nawfal ya yi yana aikin wucin-gadi a tashar, yana koyon karanta launin wuta a gefen mahaifinsa, har ya fi shi iyawa. A watan Mayu na 2006 Si Mfaddal ya yi ritaya, aka yi masa tambayar da ya shekara arba'in yana jira, ya gabatar da ɗansa. Aka yanka rago, aka ci kuskus, unguwa ta taya shi murna.

Wata goma sha ɗaya kacal bayan haka takarda ta iso cewa za a rufe tashar. Dalilin da aka bayar shi ne masu sauraro sun koma talabijin da intanet, inda Larabawa da Turkawa da mutanen Sin kowa ya buɗe tasharsa, babu mai jiran Amurka ta faɗa masa abin da ya faru. Kaico! Ashe iyayen gidan nasa sun daɗe da sanin haka, shi kaɗai ne bai sani ba. Aka yanke turakun, wani dillalin tsofaffin ƙarafa ya saye, aka loda su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin. Abin takaici, Si Mfaddal aka kira ya nuna inda aka binne wayoyin tagulla domin a tono su, kuma ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki ya je, don bai taɓa ƙin amsa kiran tashar ba.

Tafiyar Nawfal

Nawfal ya nemi aiki a sabuwar tashar jiragen ruwa da masana'antun da baƙi suka kafa, ko'ina kuwa takardar shaidar kwamfuta ake tambaya. Daga ƙarshe kawunsa Ahmidu ya tausaya masa ya ajiye shi a shago, yana goge gilashi yana miƙa wa masu saye wayoyin ƙasar Sin. Shekara uku ya yi a haka, ba aure, ba magana.

Wata safiya a watan Oktoba na 2010 ya sumbaci hannun mahaifinsa, ya ce, "Baba, ka koya mini aikin da duk duniya babu mai yinsa sai ni da kai. Ka yafe mini." Si Mfaddal ya ɗauka shago zai tafi. Ashe kwalekwalen roba ya shiga tare da wasu samari za su tsallaka zuwa Sifaniya. Ba a sake jin labarin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shekarun ƙarshe

Si Mfaddal ya hana a yi zaman makoki, ya daina zuwa gidan shayi, ya daina wucewa ta gaban shagon Ahmidu. Bai taɓa zagin Amurkawa ba. Idan aka zage su a gabansa sai ya ce, "Su inji suka canza. Ni na kai musu ɗana da hannuna." Kowace Juma'a bayan masallaci yakan zauna kusa da 'yarsa Huda, ta buɗe wayarta ta karanta masa sunayen waɗanda teku ta fitar, yana sauraro har ƙarshe, sa'an nan ya tashi. Shekara bakwai da 'yan watanni ya yi yana haka.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 13 ga Maris, 2018, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da mahaifinsa. Wasiyya ɗaya ya bar wa Lalla Zhor: "Idan an tambaye ki 'ya'ya nawa na bari, ki ce huɗu."

Bisa wannan wasiyya, ya rasu ya bar mata ɗaya, jikoki tara da 'ya'ya huɗu: Ibtisam, malamar makaranta a Larash, Huda, matar aure a Asila, Ikram, ma'aikaciyar jinya a Tanja, da Nawfal, wanda Allah kaɗai ya san inda yake.