Farar Wanda Ya Kai Ƙarshe

Shekarar da damina ta ƙi mu karo na biyu a Tsamaye, awakinmu sun ƙare, nono da wake suka ɓace daga gidan. Abin da ya rage kunun dawa ne tsararo. Amma kakarmu Iya Tumba ba ta fasa tatsuniya ba. Da an sallame magariba sai mu kewaye murhu, ni da ƙanwata Hassi da 'ya'yan baffa.

Iya tana da 'yar jaka ta busasshiyar fara da wani ɗan'uwanta ya kawo mata daga Nijar. Dokarta ɗaya ce.

"Wanda duk ya kai ƙarshe bai yi kwana ba, shi ka cin hwara," in ji ta.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani gari ce mai maharba dubu. Sarki ya ga maƙerin garin ba ya komai sai ɗan ƙarfen da yake sawa a bakin kibiya, ya ce aikin ya yi kaɗan a ciyar da mutum dominsa, ya kore shi. Ranar da mahara suka zo, maharba suka yi ta harbi, kara kawai ke faɗuwa a jikin dawaki.

Ni kullum nakan kai ƙarshe, don ni uwar kwaɗayi ce. Hassi kuwa zawo ya riga ya cinye ta, gefen bakinta duk gyambo da ya ƙi warkewa. Kafin a kori maƙeri ta yi barci a cinyar Iya. Sau ɗaya na ce a ajiye mata nata. Iya ta ce cikinta bai ɗaukar abu mai tauri, a bari ta samu sauƙi. Kafin ruwan farko muka binne ta. Ban yi kuka ba, lokacin kowane gida binnewa ake.

Na girma na zama ma'aikaciyar lafiya a garin Isa. A wajen horo aka koya mana cewa ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta ba sa girma, ba sa aiki sosai, sai da ɗan sinadarin zink. Zawo yana kwashe shi, rashinsa kuma yana ƙara zawo. Malamin ya lissafa inda ake samunsa: nama, wake, fara.

Na rubuta a littafina kamar kowa, ban ji komai ba. Ban san ko farar za ta cece ta ba. Na dai san bakin da ta shiga.