Haruffa Uku a Gindin Wasiƙa

Shekara biyu ko uku kafin ƙasarmu ta sami mulkin kai, ni ne mai rubuta wa mutanen unguwarmu wasiƙa. Na gama makarantar midil, abin da ba kowane ɗan Zango ya samu ba a lokacin, sai na sayi ɗan tebur da kujera biyu na kafa a bakin hanya kusa da gidan waya na Adum, a tsakiyar birnin Kumasi. Tonawa, wato 'yan ƙasa, suna ce mini kirachi, akawu ke nan a bakinsu. Mutanenmu kuwa Malam suke kirana, alhali ko gemu ban fara ba. Kullum da farar riga nake fita, da alƙalami biyu a aljihu, ɗayan ma ba ya rubutu.

A gidan hayar da muke zaune a Moshi Zango akwai wani lebura, dogo, marar yawan magana. Da aiki ya yi wuya a Kumasi sai ya bi wani kamfanin katako can cikin dajin yamma, ya bar matarsa tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Da farko yakan aiko da saƙo ta hannun direbobin lori. Daga baya sai shiru, wata ya bi wata.

Ran nan da hantsi maigidan da muke haya a gidansa, wani tsohon ɗan kasuwar goro, ya kawo matar teburina. Ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafinta.

"Malam, abu biyu kawai za ka tambaye su," in ji ta. "Yana da rai? In yana da rai, yaushe zai dawo?"

Na cika shafi guda da manyan kalmomin Turanci, na yabi manajan kamfanin da ban taɓa gani ba, sa'annan a layin ƙarshe na haɗa tambayoyin nan biyu cikin jimla ɗaya.

Bayan mako uku amsa ta zo. Wasiƙata ce aka mayar mini a sabon ambulan. A gindinta akwai hatimin kamfani, da sa hannun wani akawu, da haruffa uku da jan fensir: Dec, sai ɗigo.

A Turanci kalma biyu ake yankewa haka. Akwai December, watan ƙarshen shekara. Akwai kuma deceased, wato mamaci, wadda na taɓa gani a takardun rabon gado da ake kawo mini daga kotu. Duk ɗan aji uku ya san ta farko. Ta biyun kuwa sai wanda ya yi karatu. Na buɗe ambulan ɗin ne a zauren gidanmu bayan la'asar, mutane sun kewaye ni, kowa ya zuba mini ido. Ba zan ce ban ga fuska biyun ba. Na gani. Amma ina so su san cewa na san kalmar da ba kowa ya sani ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi masa rasuwa."

Matar ta zame daga jikin bango ta zauna a ƙasa. Maigida ya karɓi takardar ya jujjuya ta.

"Ɗana, duba da kyau," in ji shi. "Ni dai ɗan rubutu kaɗan nake gani. Duk mutuwar mutum a cikin wannan?"

Na ce, "Baba, haka Turawa suke rubuta mutuwa. Ba sa tsawaitawa."

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Ta shiga takaba. Kayansa kaɗan ne, tabarma da akwati da tsohon keke, aka ɗora a lori aka aika wa danginsa a arewa.

Ba a yi arba'in ba wani direba ya kawo mini lasinsa in duba masa yaushe zai ƙare. Na ga haruffan nan uku, bakina ya ce "Disamba" tun kafin in yi tunani. Direban ya tafi, na zauna ina kallon tebur. Tambaya biyu na yi, amsa ɗaya aka ba ni, kuma ta dace da kowacce.

A ranar na rubuta wa kamfanin wata wasiƙar, gajeriya, ina roƙon su rubuta kalmar cikakkiya. Har na manna kan sarki. Gidan waya yana gabana, taku ashirin bai kai ba. Sai na tuna ranar sadakar bakwai, yadda liman ya nuna ni ya ce Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ba don iliminsa ba da baiwar Allah tana nan tana jiran gawa. Na yayyaga wasiƙar na zuba a kwata. Na ce wa kaina watakila dai ya mutun.

Kullum da safe in zan fita sai na wuce ta a ƙofar ɗakinta, ta rame, ba kwalli ba lalle. Takan ce, "Malam, a dawo lafiya." In amsa in ƙara sauri.

Da ta fita takaba wani mahauci daga bakin kasuwa ya nemi aurenta. Ba ta da kowa a Kumasi, maigida kuma ya gaji da ganin ɗakin a hannun mace ita kaɗai. Aka ɗaura, ta tare. Na ci shinkafar bikin, har na ƙara.

A makon ƙarshe na Disamba, da azahar, mijinta ya sauka daga lorin katako a tashar Sofoline ya tako da ƙafa har unguwa, da ƙunshin kaya a ka da turmin atamfa a hammata. Matan da suke daka a tsakar gida suka watsar da taɓare suka ruga ɗaki suna salati. Ya tsaya a gaban ɗakinsa, wani mai gyaran takalma ya leƙo daga ciki ya tambaye shi wa yake nema.

Washegari mijin ya zo teburina tare da maigida, mutane na biye da su. Ya ajiye takardar nan a gabana.

"Malam, karanta mini."

Na karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "An kai mu wani sansani ne can ciki, inda mota ba ta shiga da damina. Akawunmu ya aiko mini cewa mutanena sun yi tambaya, ya gaya musu Disamba. Na ƙirga kwanakin nan ɗaya ɗaya."

Na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "In Disamba yake nufi, me ya hana shi rubutawa duka? Tawada ce ta ƙare masa? Ku kai takardar nan kotu ku tambaya yadda ake rubuta mamaci. Akawunku ne ya kashe ka, ba ni ba."

Jama'a suka ɗauka. Aka yi ta tsine wa akawun da ba wanda ya san fuskarsa. Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Mijin kuwa ya daɗe yana kallona, sa'annan ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Malaman unguwa suka zauna suka ce auren mahauci bai ɗauru ba, har yanzu ita matar mijinta na farko ce. Sai dai tana da ciki wata biyu, dole a jira ta haihu. Mahaucin bai jira an gama bayani ba. Ya koma gida ya watso kwanukanta da tufafinta waje, yana cewa an cuce shi an haɗa shi da matar wani. Ta tattara kayan ta zo ƙofar gidanmu ta durƙusa a gaban mijinta.

"Maigida, wallahi cewa aka yi ka mutu. Na yi maka takaba, ban rage kwana ɗaya ba."

Ya kawar da kai ya ce, "Wanda kika yi wa takaba shi za ki je ki gaya wa."

Matan da suka rangaɗa guɗa ranar tarewarta su ne suka fara cewa dama ƙagara take yi. Ta sake kafa tukunyar kokonta, ba mai saye, sai ta wuni a gabanta har ya yi tsami. Shi kuma samarin majalisa suka sa masa suna marigayi. In ya zo wucewa sai wani ya ce, "Marigayi, yaya mutanen can?" a kwashe da dariya. Ina zaune a majalisar sau da yawa. Na yi dariyar ni ma, don kada a ga fuskata daban.

Bai yi wata guda ba ya sake zuwa teburina, shi kaɗai. Da ya so, liman zai rubuta masa da ajami, amma wurina ya zo.

"Takardar saki za ka rubuta," in ji shi. "Kowace kalma ka rubuta ta har ƙarshenta. Kada ka yanke ko ɗaya, ko sunan wata, ko sunana."

Na rubuta. Ya sa na karanta masa sau biyu. Sa'annan ya ɗauka ya tsallaka titi wurin wani tsohon kirachi Batone, ya sa shi ma ya karanta masa, ina kallo. Bayan kwana biyu ya hau lori ya nufi arewa, ya bar atamfar a zaure bai ce a ba kowa ba.

Wata tsohuwa mai sayar da itace ce ta ba matar wurin kwana har ta haihu. Mahaucin ya aiko da rago ranar suna, bai zo ba. Da ta yi arba'in sai ga ta a Adum da jaririya a baya, ta zauna a kujerar nan tawa.

"Malam, ka rubuta wa yayana ya aiko a ɗauke ni. Kai ne ka san yadda abin ya faru tun farko. Ka gaya masa ba laifina ba ne."

Na rubuta cewa ba laifinta ba ne. Ban rubuta laifin wane ne ba. Ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ƙara ilimi, ta gyara goyonta ta tafi. Yayan nata ya zo da kansa kafin damina ta ɗauke. Tun daga ranar da suka hau mota ban sake jin labarinta ba, ban kuma tambaya ba.