Mil Biyu Kafin Gaɓar Holan

Orval Teague ya shekara talatin da ɗaya yana sayar da kayan gyaran tarakta a Kearney, jihar Nebraska. Kowa ya san halinsa: ka nemi noti goma, sai ya ƙirga sau biyu kafin ya miƙo maka. Aikinsa na lokacin yaƙi ne bai taɓa ba kowa labari ba.

A 1943 shi ne akawun wata rundunar jiragen jefa bom a Ingila. Doka ita ce wanda ya kai hari ashirin da biyar ya gama, sai gida. Amma jirgin da ya juyo bai ƙetare gaɓar abokan gaba ba, ba a lissafa masa.

Jirgin Laftanar Emmett Sorensen ya tashi na ashirin da biyar, inji ɗaya ya mutu, ya juyo. Yaransa ba su jira ba, suka zana bom na ashirin da biyar a goshin jirgin, yadda aka saba bayan kowane hari. Orval ya shimfiɗa taswira, ya aza rula. Saura mil biyu su kai gaɓar Holan.

Sorensen ya shigo ofis yana dariya. "Haba Kofur Rula, mil biyu ai kaurin fensirinka ne. Kau da kai mana."

Sauran akawuna sukan kau da kai. Orval ya ce shi ba ya rubuta abin da bai auna ba. Bayan kwana uku Sorensen da yaransa suka sake tashi, su goma. Ko ɗaya bai dawo ba.

A 1978 tsofaffin rundunar suka taru a Omaha don haɗa littafin tarihinsu, aka ba Orval teburin karɓar hotuna. Ta goma sha bakwai a layi wata dattijuwa ce, Lorene, matar Sorensen. Ta ajiye hoton jirgin, ta ce ta ƙirga bama-baman da aka zana a goshinsa ya fi sau dubu, ashirin da biyar ne cif. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta wa sojoji tana tambayar abin da ya sa mijinta ya sake tashi, ba amsa.

Mutum shida na jira a bayanta. Da ya ce kuskuren manya ne, da ta wuce.

"Baiwar Allah, ni ne," in ji shi. "Ni na ƙi lissafa na ƙarshen."

Ta jawo kujera ta zauna, ta ce ya rubuta a littafin yadda abin ya faru, ya sa sunansa a ƙasa, tana nan sai ya gama. Orval ya ɗauki biro. Sau huɗu yana soke layin farko.