Anti Fausiya da Wasiƙun Majalisa

Da an sallame sallar asuba a unguwar Fereej Abdel Aziz, Anti Fausiya ta riga ta ɗaura kallabi. Takan hau motar kamfani zuwa West Bay, ta wuni tana buga takardu a wani ofishi. In ta dawo da yamma sai ta zama tamu, sakatariyar ƙungiyar 'yan zangon Gana mazauna Doha, aikin da ba albashi ba hutu. Duk kukan da za mu kai majalisar dokokin gida, ta hannunta yake bi. Takan ce ta girmi wannan jamhuriya tamu ta huɗu, don haka ba ta jin nauyin yi mata faɗa.

Shekarar korona aka rufe filayen jirgi, otal-otal suka sallami ma'aikata. Cikin waɗanda suka maƙale har da Awawu, mai gyaran ɗakuna, mijinta yana Kumasi, ga ciki ya fara tsufa. Likita ya gaya mata in ta ƙara daɗewa ba jirgin da zai ɗauke ta. Sai dai ta haihu nan, ba aiki, ba uwa a kusa. An ji ana shirya jirgin kwaso mutane, amma kujerun kaɗan ne, sai an sami mai tsaya maka a can.

Anti ta rubuta, shiru. Ta sake, shiru. Da kunnena na ji Gariba direba yana cewa majalisa ba gidan suna ba ce da mata za su cika da surutu. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Awawu ma ta sare. Ta ce, "Anti, kalas, ya isa haka, ki huta. Manyan nan ba sa karanta komai."

"Suna karantawa, 'yata, in an tsaya a kansu. Babarki ƙafarta lafiya?"

"Lafiya lau, ta fi ni sauri."

"To yalla, maza ba ni lambarta."

Daga ranar ta sauya hanya. Kowa sai ta rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa, ta tura ta waya, a buga a gida, uwarsa ta kai da hannunta. Baba Basiratu, mahaifiyar Awawu, ta rufe tukunyar wake da shinkafar da take sayarwa, ta sa takunkumi, ta zauna kan benci a ƙofar ɗan majalisarsu. Ya fita tana nan, ya dawo tana nan. A zango ba mai iya tsallake dattijuwar da ta san uwarsa. Ya karɓi wasiƙar, ya karanta a gabanta, ya kai maganar zauren majalisa. Awawu ta sami kujera, ta haifi ɗa namiji a ɗakin uwarta. Bayan haka Gariba ya kawo maganar ƙanensa, Anti ta rubuta masa ba ko gori.

Ke ce ruwa mai huda dutse, Anti. A wannan shekarar an rage miki albashi, ke ma ciwon ya kwantar da ke, kika tashi kika ci gaba da rubuta kukan wasu. Ba ki taɓa sa sunanki a gaba ba, ko da aka zo cika jirgin.

Yanzu an gama gasar kofin duniya, baƙi sun watse, ke ma kin ɗaure kaya za ki gida da ƙafarki, cikin mutunci. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana da muka yi karatu, kujerar sakatariya tana nan ba kowa. Annoba ta wuce, matsala ba ta ƙare ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi taro. Ni zan je, kuma zan ga wanda bai zo ba.